Gwankin da Baffa Ya Yanka

Na san abin da ake faɗa muku a dangi, don ni ma ina ji, sai dai in na shigo a sauya magana a koma zancen tsadar gero. Ana cewa mahaifinku ya je har ƙofar gidan surukinsa ya zuba wa namansa kananzir ya cinna wuta, wai boko ya hau masa kai. Ƙannena sun iya ba da labarin nan da gishiri da yaji, alhali a lokacin babbarsu ba ta isa ɗaukar tulu ba. To, yau ku ji daga bakin wadda aka dafa naman dominta. Mahaifinku ya koma ga Allah bai taɓa kare kansa ba, don ba halinsa ba ne. Ni kuwa halina ne, kuma na tsufa, ba wanda zai hana ni.

Shekarar da aka canja kuɗi daga fam zuwa naira ce, lokacin duk muna cikin jihar Kano. A rediyo kullum zancen arzikin mai ake yi, a Kazaure kuwa sai sababbin babura da gidajen kwano, amma in ka fita bayan gari ba ka ganin komai sai ƙasa fara fat. Damina ta yi gardama, hatsi ya ƙone a tsaye tun bai yi kai ba, tafkuna suka ja da baya suka bar taɓo. A wannan shekarar na ɗauki cikin yayanku, kuma da ya tsufa aka mai da ni gidanmu goyon ciki, a ƙauyenmu da ke arewa da Gwiwa.

Ku kun tashi kun tarar da mahaifinku babban mutum, ɗalibai na sallama a ƙofa. A lokacin ba haka yake ba. Ƙaramin ma'aikaci ne a sashen binciken cututtukan dabbobi, an ajiye shi a Kazaure, kayan aikinsa na Kano. Sauran malaman dabbobi shanu suke bi da allura, shi kuwa mushen naman daji yake bi. Da babur ɗinsa da wani akwatin katako mai gilasai a ciki yake zagaye Roni da Babura da Gwiwa, inda duk ya hango ungulu na shawagi can ya nufa. Har yaran unguwarmu suka sa masa Na-ungulu, ni ma in ya ɓata mini rai ina faɗa a zuci. Ba na barinsa ya shigo ɗaki sai ya wanke jikinsa a waje da wani ruwan magani mai warin asibiti. In yana cin abinci ba shi da hira sai ta ciwon saifa, wannan da ke kayar da saniya da safe kafin azahar ta mutu jini na fita ta hancinta. Ya ce cutar a ƙasa take kwanciya, shekara da shekaru, inda aka taɓa zubar da jinin dabbar da ta kashe. In ruwa ya ja, dabba ta kai bakinta ƙasa tana kiwo, sai ta ɗauka. Abin da yake so ya tabbatar shi ne barewa da saniya a tafki ɗaya suke ɗaukarta, kuma wuƙar da ta feɗe ko wacce daga cikinsu tana iya kai ta jikin mutum. Nakan ce masa ya bari in gama cin tuwona tukuna.

Mahaifina kuwa, wanda muke kira Baffa, shi ne babban maharbin ƙauyenmu. Dogo ne, mara yawan magana, kuma bai san a ce masa ya yi kuskure ba, ko a gida ko a daji. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa yake ce mini Uwani, kuma duk gidan an san ni kaɗai ke iya sa shi dariya. Tsakaninsa da mahaifinku gaisuwa ce kawai irin ta surukai: wannan ya tuɓe takalmi ya durƙusa tun daga nesa, wancan ya amsa yana kallon wani wuri. Ko sunansa Baffa ba ya kamawa, sai dai ya ce ɗan nan. Na taɓa jin yana gaya wa abokin farautarsa Tanko cewa bai gane wa aikin ɗan nan ba, mutum ya bar nama mai rai ya bi matacce.

Na haihu lafiya, namiji, amma Inna mahaifiyata ta kasa sukuni. Mai jego sai da romo, ga shi babu nama a gari, shanun da suka rage fata ce kawai a kan ƙashi. Ragon suna yana ɗaure, ba a taɓa shi sai ranar. Kunun kanwa nake sha safe da yamma, ruwan nonona bai kawo sosai ba, yaron na ta tsala kuka. Baffa kuwa kullum da asuba zai rataya bindiga ya fita, ya dawo hannu biyu. Ranar Alhamis, kwana uku da haihuwata, wajen azahar sai muka ji hayaniya a waje, mata na guɗa. Jakuna biyu ne suka shigo da nama niƙi-niƙi, Baffa na biye da su riƙe da ƙahoni. Gwanki ne, wanda rabon da a gan shi a dajinmu tun ina yarinya. Ban taɓa ganin fuskar Baffa kamar ranar ba. Ya tsaya a ƙofar ɗakina ya ɗaga murya.

“Uwani, Allah ya kawo wa jikana rabonsa. Ko harsashi ban ɓata ba. A bakin tafki muka same shi ya durƙusa, yana haki. Na ce Tanko riƙe mini kai, na kai masa wuƙa kafin ya zama mushe.”

Kun san haka ake yi, har gobe. Dabba in ta kusa mutuwa, gudu ake yi a yanka ta don ta halatta, kuma a shekara irin wannan wanda ya bar nama ya mutu a banza sai a ce ba shi da hankali. Baffa ya zauna a zaure ya kasa naman, ya aika gida gida, ba wanda aka tsallake, har gidan liman da na mai gari. Inna ta ɗora tukunya da ƙafafu da wuya, ta zuba yaji da masoro. Ƙamshin ya cika gidan har yawuna ya tsinke, ba zan ɓoye muku ba. Baffa dai bai kai komai bakinsa ba saboda yana azumin Alhamis.

Bayan la'asar na ji ƙarar babur. Na yi mamaki, don mahaifin ɗan fari ba ya zuwa gidan surukai kafin suna haka kawai, da kunya. Ashe ba mu ya zo gani ba. Shanu sun faɗi a wata ruga wajen Roni, ya tarar da mushen bareyi a tafkin da suke sha, wani makiyayi kuma ya ce masa ya ga gwanki na tangaɗi ya yi arewa. Sawun gwankin nan ya biyo har ya kawo shi zauren surukinsa, ya tarar da fatar a shanye an kafe ta da turaku. Ɗakina na jikin zaure, ina jin komai. Ya gama gaisuwa, sannan ya yi magana da wata murya ƙasa-ƙasa.

“Baffa, a gafarce ni. Da aka buɗe cikinsa, an ga saifar?”

“Tanko ya gasa ta a bakin tafki, rabon mai riƙe kai ne. Ban taɓa ganin irinta ba, ta kai tsawon damtsena, baƙa wuluk, tana narkewa a hannu.”

“Jinin fa, ya daskare?”

Sai na ji Baffa ya ce, “Me ɗan nan yake so ya ce ne?”

“Ina tsoron ciwon saifa ne, Baffa. In shi ne, naman nan yana kisa. Wanda ya ci da wanda ya feɗe duk suna cikin haɗari. Ina roƙon arziki a karɓo wanda aka raba, a ƙone shi da fatar, a binne.”

“A karɓo? In aika wa mutane kyauta da rana, in aika a karɓo da yamma? Ni na yanka shi da hannuna, da sunan Allah, yana shure-shure. Mushe ka ɗauka na ciyar da gari?”

“Ba mushe ba ne, Baffa. Halal ne, amma akwai cuta.”

“Ka gani da idonka?”

“Ban gani ba tukuna. Sai na kai jinin Kano na duba a madubin ganin ƙwayoyin cuta.”

“To je ka gani, sannan ka dawo ka koya mini nama.”

A daidai lokacin Inna ta shigo da kwanon romo yana tururi, ta ajiye a gabana. Ta ji abin da na ji, amma ta ce in sha, wuta ta ci shi tun azahar, babu cutar da za ta rayu a tukunyarta. Na dubi kwanon, yunwa kamar ta kashe ni, yaron na tsotso babu abin da ke fita. Na tuna hirar nan da nake hana shi yi a kan tuwo. Na tura kwanon gefe na ce ba zan sha ba. Inna ta riƙe baki ta ce, yau ga 'yar da ta bi bayan miji a ɗakin uwarta.

Mahaifinku bai tafi Kano a ranar ba. Ya san kafin ya je ya dawo an cinye naman, don haka ya wuce wurin mai gari, ya nuna masa shi ma'aikacin hukuma ne, ya ce in aka yi asarar rai a garin nan za a tambaya. Mai gari ya tsorata ya haɗa shi da ɗan aike, suka bi gida gida. Ku yi tunanin abin nan da kyau kafin ku yanke wa kowa hukunci. Mutanen da suka yi watanni ba su ga nama ba, wasu sun ɗora tukunya, yara sun zagaye murhu, sai ga surukin Baffa a ƙofa da safar roba a hannu yana cewa a juye masa a buhu. Wata tsohuwa ta bi shi da muciya. Wasu sun ɓoye, wasu sun riga sun ci. Kafin magariba an haƙa rami mai zurfi a bayan gari, ba a ƙofar gidanmu ba kamar yadda ake faɗa, aka zuba nama da fata da ƙahoni da tukunyar Inna, aka sa itace da kananzir. Ƙaurin ya game gari, kowa na shaƙa da yunwa a cikinsa. Baffa ya shiga ɗakinsa ya ja ƙofa, ko ruwan buɗa-baki bai karɓa daga hannun kowa ba.

Washegari mahaifinku ya kama hanyar Kano da jinin gwankin a gilasansa, ni kuma na shiga kwanakin da ban taɓa shiga irinsu ba. Mata na zuwa barka, su leƙa jariri, su yi mini wani irin kallo su fita. Ina jin su a tsakar gida suna cewa ai su sun ci, ga su garau. Inna na yi mini wankan jego da ruwan zafi ba ta ce mini uffan, sai dai ganyen ya fi sauka da ƙarfi a bayana. Abin da ya fi damuna, ban san abin da zan roƙa ba. In na ce Allah ya sa mijina ya yi kuskure, to ya tozarta mahaifina a banza, ya ƙona abincin gari a shekarar yunwa, aurena kuma ba na jin zai kai arba'in. In na ce Allah ya sa gaskiyarsa ce, to Baffa ne ya zura hannuwansa har gwiwar hannu a cikin gwankin nan. Sai in ɗaga hannu in kasa cewa komai, in sauke. Ko tari Baffa ya yi a ɗakinsa sai in kasa kunne. Na sa ido a ƙofarsa, ina duba ko tafiyarsa ta canja, ko ya rage cin abinci.

Ranar Asabar aka ce Tanko ya kwanta da ciwon ciki da zazzaɓi, yana amai. Baffa ya ɗauki jakar magungunansa ya tafi, ya wuni a can. Da ya dawo ya ce wa Inna iskar gwanki ce, Tanko ya riƙe kan babban nama bai sha tsari ba, kuma an san maganinta. Ya faɗa da ƙarfi don in ji. Amma na lura bai zauna a zaure an yi hira ba, kuma da zai yi alwala ya zagaya bayan rumbu, abin da bai saba ba.

Ranar Lahadi da hantsi mahaifinku ya dawo, motar ofis na biye da baburinsa. Bai shigo ba, a zaure ya durƙusa, Baffa kuwa ya ƙi fitowa, sai Inna ce ta tsaya a bakin ƙofa ta saurare shi. Ya ce ya duba, ciwon saifa ne, babu shakka. Ya ce shi malamin dabbobi ne, ba ya yi wa mutum allura, amma ya yi magana da asibitin Kazaure, duk wanda ya feɗe ko ya ci ya shiga mota, akwai allurar da ke kashe cutar in an yi da wuri. Aka ɗauko Tanko a kan tabarma, cikinsa ya kumbura, ba ya gane mutane. Ganin haka waɗanda suke cewa ga su garau suka riga kowa shiga motar. Inna ta je ƙofar Baffa tana roƙo, ina jin amsarsa.

“Ba inda za ni. In na shiga motar nan na yarda ke nan ni na ba Tanko guba, ni na raba wa gari mutuwa gida gida. Gara in mutu a ɗakina.”

Sai a lokacin na gane ba taurin kai kaɗai ke damunsa ba, tsoro ne, kuma ban taɓa sanin Baffa na jin tsoro ba. Motar ta tafi ba shi. Mahaifinku ya ƙi binta, ya sauka a gidan mai gari, ya ce gobe suna, kuma ba zai bar garin ba muddin Baffa na ciki.

Ranar suna, bayan sallar asuba, gari ya fara wayewa, maza na taruwa a ƙofar gida, ana shimfiɗa tabarmi. Ina zaune da yaron a cinya sai na ji sallamar Baffa a ƙofar ɗakina. Rabonsa da ƙofar nan tun ranar gwanki. Ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, ya yi rawani.

“Uwani, miƙo mini shi in tofa masa addu'a kafin a raɗa suna.”

Ya sunkuyo ya miƙo hannuwa biyu, hannun rigar ya zame. A wuyan hannunsa na dama, inda ƙashi ya ɗan yanke shi wajen fiɗa, akwai wani ƙurji, tsakiyarsa baƙi kamar gawayi, ƙananan ƙuraje masu ruwa sun kewaye shi, hannun ya kumbura har ya yi sheƙi. Na san shi, mahaifinku ya sha kwatanta mini ƙurjin ciwon saifa. Ya ga inda nake kallo, ya yi sauri ya ja rigar.

“Ba komai ba ne. Ko zafi ba ya yi.”

“Rashin zafin ne abin tsoro, Baffa.”

“Miƙo yaron, mutane na jira.”

Tun da nake ban taɓa ce wa mahaifina a'a ba. Na ƙanƙame yaron a ƙirjina, na ja da baya har bayana ya taɓa bango.

“Ba zan ba ka shi ba, Baffa. Sai ka je Kazaure.”

Inna da ke bayansa ta saki salati. Matan da suka zo aikin suna duk suka tsaya cak, kowa ya ji. Baffa ya tsaya a sunkuye, hannuwansa a miƙe ba komai a ciki, yana kallona kamar bai san ni ba.

“Ni kike hana wa jikana?”

“In ka mutu wa zai koya masa daji? Ka je a yi maka allura ka dawo, ka ɗauke shi ka wuni da shi. Amma yau wallahi ba zan ba ka ba.”

Daga baya mahaifinku ya gaya mini da wuya cutar ta kama jariri ta wannan hanya. Ko da na san haka a lokacin, abin da zan yi ke nan. Yaron ne kaɗai abin da nake da shi wanda Baffa ke so fiye da girmansa, kuma ban ga wata igiyar da zan ja shi da ita ba. Ya daɗe a tsaye, sannan ya miƙe a hankali, ya juya ga Inna ba gare ni ba.

“A ce wa ɗan nan ya tayar da baburinsa.”

Ban ga tafiyarsu ba, mai jego ba ta fita, Inna ce ta leƙa ta jikin zana ta gaya mini. Mahaifinku ya sunkuya ya raɗa wa liman sunan a kunne, ya bar taron sunan ɗansa na fari. Baffa ya hau bayan babur da babbar riga da rawani, a gaban duk mutanen da aka karɓe wa nama. Ya ƙi riƙe surukinsa, ya kama ƙarfen baya da hannun hagu, sai da suka faɗa yashi babur ya yi tangal-tangal sannan ya dafa kafaɗarsa. Aka yanka rago, aka raba goro, aka yi sunan da babu uba babu kaka. Ni dai ban san abin da na ci ba ranar. Duk ƙarar da na ji daga nesa sai in ce saƙon mutuwa ne. Saƙon ya zo da yamma, amma na Tanko ne, Allah ya ji ƙansa. Sauran duk sun tashi, har wata mata da ƙurjin ya fito mata a wuya.

Abin da ya biyo baya kun san wani, ba ku san wani ba. Kun san binciken da mahaifinku ya rubuta a kan tafkunan nan shi ya ɗaga shi, har aka riƙa kiransa taro, aka turo masa ɗalibai, aka fara yi wa shanun yankin rigakafi kafin ruwa ya ja. Kun ji makiyaya na cewa dabbar da ta faɗi farat ɗaya ba a buɗe cikinta, a binne ta da zurfi, kamar da can haka aka gada. Abin da ba ku sani ba, mutum ɗaya da babur ɗaya ba zai iya gano mushen da ke dajin Roni zuwa Babura ba. Maharba ne suka zama idanunsa, kuma Baffa ne ya tara su ya ce duk wanda ya ga nama ya durƙusa ba harbi, kada ya kai masa wuƙa, ya aika Kazaure. Bai taɓa ce wa mahaifinku ya yi gaskiya ba, bai daina ce masa ɗan nan ba, amma har ƙarfinsa ya ƙare saƙonsa na zuwa gidanmu: a gaya wa ɗan nan ungulu na sauka a tafkin kaza. Don haka masu cewa sun rabu da gaba, ba su san komai ba. Tsakaninsu ya gyaru. Tsakanina da Baffa ne bai koma yadda yake ba.

Ana gab da arba'in ɗina Baffa ya dawo, ya rame, hannun ya saɓe, sai tabo. Na ji sallamarsa na fito da gudu da yaron a kafaɗa, na durƙusa, hawaye na zuba. Ya amsa gaisuwata kamar yadda yake amsa ta kowa. Ya tambayi Inna wane suna aka sa wa yaron, don duk zamansu a Kazaure kunya ta hana shi tambayar surukinsa, shi kuma kunya ta hana shi faɗa. Inna ta ce sunansa ne aka mayar, shi ya sa kuke ce wa yayanku Babangida. Na matso na miƙa masa yaron da hannu biyu.

“Ga takwaranka, Baffa. Na yi alkawari.”

Ya dubi yaron ya daɗe, har ya ɗan yi murmushi. Sannan ya mai da hannuwansa baya ya haɗe su.

“Riƙe abinki, Uwani. Ina ganinsa daga nan.”

Na ɗauka fushin kwana biyu ne. Sauranku duk ya ɗauke ku, ya ɗora ku a wuya, kun ja masa gemu. Babangida kuwa ya sassaƙa masa baka, ya ajiye masa ƙwan zabi, ya nuna masa sawun kowace dabba da bakin sanda, amma ko hannunsa bai taɓa kamawa ba. Abin ya ci ni, har yau yana cina. Amma Baffa ya ga yayanku ya yi rarrafe, ya ga ya yi tafiya, ya ga ranar da ya sauke Alƙur'ani, yana zaune a kan buzunsa a gefe da tabo a hannu. Da na miƙa masa yaron a safiyar sunan nan, da ko arba'in ɗinsa bai gani ba.